Tangaran na Japan: Amsoshin Tambayoyinku Kafin Ku Saya

Wasiƙun da suka taru a wannan karon sun karkata ga abu guda, wato kwanuka da kofunan tangaran na ƙasar Japan waɗanda ake cewa aikin hannu ne. Na taƙaita tambayoyin, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba.

Wata uwa daga Kaduna ta rubuto: "Ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki. Wata mai sayar da kaya a intanet ta nuna mini saitin faranta goma sha biyu da kofuna goma sha biyu, farare masu zanen shuɗi. Ta ce na Arita ne, aikin hannu daga farko har ƙarshe, kuɗinsu kuma ya ninka na saitin kasuwa sau uku. Ta yaya zan gane gaskiyar maganarta?"

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Arita ƙaramin gari ne a lardin Saga da ke tsibirin Kyushu, kuma a nan ne Japan ta fara yin tangaran. Labarin da mutanen garin suka riƙe shi ne, a shekarar 1616 wani magini ɗan Koriya mai suna Yi Sam-pyeong, ɗaya daga cikin maginan da aka kwaso bayan yaƙe-yaƙen da Japan ta kai Koriya tsakanin 1592 da 1598, ya gano farin dutsen da ya dace a Izumiyama, gefen garin. Tun daga lokacin ba a daina wannan sana'a a Arita ba. Sai dai sunan garin kaɗai ba ya gaya miki yadda aka yi kwanon, domin a cikin Arita akwai masana'antu masu injuna, akwai gidajen sana'a na gado da ke ɗauke da ma'aikata da yawa, akwai kuma magini guda da ke zaune a ɗakin aikinsa yana yin komai da kansa. Dukkansu suna da ikon rubuta Arita a kan kayansu.

Yana da kyau ki san matakan aikin, don ta haka ne za ki iya yi wa mai kayan tambayar da ta dace. Ana niƙa dutsen, wanda a yau akasarinsa daga tsibiran Amakusa na lardin Kumamoto ake kawo shi, a tace shi cikin ruwa har tsakuwa da ƙarfen da ke ciki su fita, a matse shi ya zama farin yumɓu, a cuɗa shi har iska ta fita. Daga nan magini ya ɗora shi a kan faifai mai juyawa ya ɗaga jikin kwanon da yatsunsa. Wannan yumɓu ba shi da danƙo irin na tukwanenmu, yana saurin gajiya ya zube, shi ya sa ake gina kwanon da ɗan kauri, a bari ya sha iska, sannan a kankare shi da wuƙa har ya kai siririn da ake so. Ana yi masa gashin farko a zafin da ya kai digiri 900, a yi zane da wani sinadari na kobal da suke kira gosu, wanda a wannan lokacin launinsa ba ya wuce toka-toka mai duhu, a tsoma shi cikin ruwan da zai narke ya zama rufin gilas, sannan a mayar da shi tanderu a zafin digiri 1,300. A wannan gashi na biyu ne zanen ke komawa shuɗi, kwanon ya tsuke da fiye da kashi ɗaya cikin goma, wasu su lanƙwashe, wasu su tsage, a zubar da su. In akwai ja da kore da rawaya a kai, to an zana su ne a saman gilas ɗin, aka sake gasawa a kusan digiri 800.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ana iya yin sa da hannu, ana kuma iya yin sa da inji ko da mazubi. Ana iya zuba ruwan yumɓu a mazubi a fitar da jiki ɗari iri ɗaya, sannan mai zane ya zauna ya zana su da buroshi. Ana iya buga layukan zanen da takardar mannawa, sannan a cike launin da hannu. Ana iya buga komai da komai. Saboda haka tambayar da za ki yi mata kashi biyu ce: shin jikin a kan faifai aka gina shi ko zubi ne, kuma zanen da buroshi aka yi ko bugawa ne? Ki ƙara da neman sunan gidan da ya yi kayan. Kusan kowane gidan sana'a a Arita yana sa tambarinsa a ƙasan kwano, kuma mai kayan da ta sayo daga hannun gaskiya ba za ta rasa wannan suna ba.

Ki roƙe ta hoton faranta biyu gefe da gefe, na kusa sosai. Zanen buroshi ba ya maimaita kansa: layi yana kauri inda hannu ya danna, yana sirancewa inda ya ɗaga, kuma inda aka cike fili da shuɗi za ki ga launin ya taru ya yi duhu a wani gefe, ya yi haske a wani, domin da wani ƙaton buroshi mai cike da ruwan launi ake yin sa, ana matsa shi a hankali ruwan yana gangarowa. Idan ganyen da ke farantin farko da na biyu ba su bambanta ko da ƙwayar gashi ba, ko kuwa kin faɗaɗa hoton kin ga launin ɗige-ɗige ne ƙanana, ko kin ga wurin da zanen da ya kewaye baki ya haɗu bai daidaita ba, to bugawa ne. Ki duba ƙasan kofin kuma, a cikin zoben da yake zama a kai, ko akwai siraran layukan da wuƙa ta bari. Amma kada ki dogara da karkacewa ko tabo a matsayin shaida, don akwai masana'antun da ke yin mazubi mai ɗan karkata da gangan saboda kaya su yi kama da na hannu, alhali kuwa manyan maginan farin tangaran aikinsu ba ya nuna ko ɗan karkacewa. Ƙarar da kwano ke yi in an ƙwanƙwasa shi da hasken da ke ratsa shi in an ɗaga shi gaban fitila suna nuna tangaran ne mai kyau wanda bai tsage ba, iyakarsu ke nan.

Ra'ayina a kan wannan saitin shi ne, da wuya ƙwarai ya zama abin da aka ce. Kaya ashirin da huɗu da aka gina a faifai aka zana da buroshi aikin makonni ne na ƙwararru, kuma kuɗinsa ba zai tsaya a ninki uku na kayan kasuwa ba. Ƙari a kan haka, kayan gargajiya na Japan biyar-biyar aka saba haɗa su, saitin goma sha biyu kuwa tsari ne na teburin Turawa wanda masana'antu suka fi yi. Wataƙila kayan na Japan ne masu inganci, kuma babu aibu a kayan masana'anta, amma ki biya su a farashin kayan masana'anta. Idan burinki shi ne 'yarki ta mallaki aikin hannu na gaske, ki saya mata saitin yau da kullum a kasuwa, sannan ki ware kuɗi ki nemo mata kwano ɗaya babba ko kofuna biyar daga gidan da aka san sunansa.

Wani malami da zai je taro a Japan ya tambaya: "Ina so in kawo wa maiɗakina da surukaina tsaraba ta tangaran. Na ji ana ambaton Arita da Imari da Kutani da Hasami. Wanne zan zaɓa, kuma a ina zan saya?"

Malam, Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Imari da Arita a asali abu ɗaya ne. Imari ita ce tashar jiragen ruwan da ake loda kayan Arita, don haka masu saye suka riƙa kiran kayan da sunanta. Bayan faɗuwar daular Ming a 1644 tangaran ɗin ƙasar Sin ya yi wuyar samu, sai kamfanin kasuwancin Holan da ke da mazauni a Nagasaki ya juya ga Arita, daga ƙarshen shekarun 1650 kuma kayan suka fara isa Turai da yawa. Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye, domin zanen nan na shuɗi da ja da ruwan zinariya ya yi farin jini har masana'antun Sin da na Ingila suka kwaikwaye shi, kuma har yau suna kiran nasu Imari. Ganin wannan suna a jikin kwali ba ya nufin daga Japan kayan suka fito.

A cikin kayan Arita akwai salo biyu da nake so ka gani da idonka ko da ba za ka saya ba. Na farko shi ne na gidan Kakiemon, wanda ya fara zanen launuka a saman gilas tun wajen shekarun 1640. Jikin kayansu fari ne mai taushi kamar madara, suna zana tsuntsu ko reshen fure a gefe guda su bar sauran filin babu komai, kuma masana'antar Meissen ta Jamus da aka kafa a 1710 ta kwaikwayi wannan salo ƙwarai. Sirrin wannan farin jiki ya ɓace na wani dogon lokaci sai a 1953 magadan gidan suka farfaɗo da shi, a yau kuma magaji na goma sha biyar ne ke riƙe da sunan. Na biyu shi ne Nabeshima, wanda sarakunan yankin suka keɓe wa tanderu a kwarin Okawachiyama, suka tsare maginan a can, ana yin kayan don kyauta ga manyan masu mulki, ba a kai su kasuwa. Za ka gane farantinsa da doguwar ƙafa mai zanen haƙoran mataji.

Kutani kuwa daga lardin Ishikawa yake, a gaɓar tekun da ke yammacin babban tsibiri. An fara shi wajen 1655, ya tsaya bayan wasu shekaru, aka farfaɗo da shi a farkon ƙarni na 19. Ƙarfinsa a zane yake, da launuka biyar masu kauri, kore da rawaya da ja da shunayya da shuɗi mai duhu, har wani lokaci ba a barin fari ko kaɗan. Hasami maƙwabcin Arita ne amma a lardin Nagasaki yake, kuma tun da can kayan talakawa yake yi, masu ƙarfi da sauƙin kuɗi, a yau yawancinsu na mazubi ne.

Ga shawarata a taƙaice. Wa maiɗaki, wadda za ta yi amfani da abin kowace rana, ka sayi kwanuka farare masu zanen shuɗi na Arita ko Hasami. Wa surukai, faranti guda babba na Kutani ko na salon Kakiemon ya fi tarkacen ƙananan abubuwa daraja. Idan ka sayi aikin magini mai suna, ka tabbata an ba ka shi cikin akwatinsa na farin katako wanda ya rubuta sunan abin a kan murfi ya sa hannu ya buga hatimi, kuma kada ka jefar da akwatin don rage nauyin kaya, domin shi ne shaidar abin. Akwai kuma wata alama ta gwamnati da ake manna wa kayan da suka cika sharuɗɗan dokar sana'o'in gargajiya ta 1974. Manyan kantunan Tokyo da Osaka suna da hawa guda na irin waɗannan kaya, kuma amintattu ne ko da yake suna da tsada. Idan tafiyarka ta dace da 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, lokacin ne ake babbar kasuwar tangaran ta shekara a Arita, inda ake samun kayan gidaje masu suna da rahusa saboda ɗan tabon da ido da kyar yake gani.

Abu biyu nake so ka kiyaye. 'Yar ƙaramar buta mai siririn wuya marar hannu wadda ke zuwa da ƙananan kofuna sosai ta shan giyar shinkafa ce, kuma baƙi da yawa suna sayenta a zaton kayan shayi ne. Butar shayinsu tana da murfi da hanci da mariƙi, sau da yawa a gefe, kofin shayin kuwa dogo ne marar hannu. Sannan ka duba zanen da kyau, musamman a kayan Kutani, saboda wasu suna ɗauke da hotunan mutane ko na allolin sa'a na al'adarsu, abin da ba kowane gida ne zai so a ajiye masa ba. Masu furanni da ganyaye da igiyar ruwa suna nan da yawa.

Wata daga Zariya ta ce: "A cikin kayan mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, mun sami kofuna da faranta masu bakin zinariya. Wasu an rubuta Noritake, wasu Made in Occupied Japan. Wani dillali ya ce zai saya. Suna da daraja ne?"

Amin, Allah ya gafarta mata. Rubutun da ke ƙasan kayan yana taimakawa wajen sanin shekarunsu. Daga 1891 dokar Amurka ta wajabta rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito, Japanawa suka riƙa rubuta Nippon, wato sunan ƙasar a harshensu, har zuwa 1921, lokacin da aka ce su koma rubuta Japan. Rubutun Occupied Japan kuwa na shekarun da sojojin ƙawance ke riƙe da ƙasar ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma an daina shi a 1952. Ke nan masu wannan rubutu sun haura shekara saba'in. Noritake kamfani ne da aka kafa a Nagoya a 1904 don yin kayan teburi irin na Turawa, masana'anta ce babba mai suna mai kyau, kuma a tsofaffin kayanta akwai masu zanen hannu a kan jikin da inji ya fitar.

Gaskiyar magana, an yi irin waɗannan kaya da yawan gaske don fitarwa waje, shi ya sa tsufansu kaɗai ba ya sa su tsada. Abin da ke ɗaga farashi shi ne cikar saitin, da rashin tsaguwa ko ɓallewar baki, da kasancewar zinariyar ba ta goge ba. Kafin ku amsa wa dillalin, ku ɗauki hoton tambarin da na zanen, ku nemi irinsu a shafukan gwanjo na intanet, ku duba farashin da aka riga aka sayar, domin farashin da mai kaya ya rubuta yana jira ba ma'auni ba ne. Tun da kayan gado ne, a yi shawara da duk magada kafin a sayar. Ni dai da za a bi ta tawa, da an raba su tsakanin 'ya'yanta mata, saboda abin da dillali zai bayar ba lallai ya kai abin da kofin uwa yake a wurin 'yarta ba.

Wani magidanci daga Maraɗi ya tambaya: "An ba mu kyautar kwano mai launuka da zinariya. Na ji ana cewa akwai gubar dalma a irin waɗannan launuka, wasu kuma sun ce da ƙashi ake yin tangaran. Za mu iya cin abinci a ciki?"

Tambayarka tana kan hanya. Zanen shuɗi da ke ƙarƙashin gilas ba ya taɓa abinci, domin rufin ya narke a kansa a zafi mai tsanani ya rufe shi. Inda ake sa ido shi ne launukan da aka ɗora a sama, waɗanda za ka ji tudunsu in ka shafa da yatsa, saboda a da ana haɗa su da dalma don su narke a ƙaramin zafi su yi sheƙi. Dokar tsabtar abinci ta Japan ta ƙayyade yawan dalma da kadmiyam, wani ƙarfen mai guba, da ka iya fita daga kwanon abinci, kuma gidaje da yawa sun koma launukan da babu dalma a cikinsu, don haka sabon kwano daga amintaccen gida wanda aka yi don abinci babu damuwa a kansa. Tsohon kwano mai launi a ciki, ko wanda ba a san asalinsa ba, ko wanda launinsa ya fara dushewa yana barin gari, kada a zuba masa abu mai tsami kamar zoɓo ko kunun tsamiya ko lemon tsami ko miyar tumatir, kada a bar abinci ya kwana a ciki, kuma kada a ba yara abinci a cikinsa. A ajiye shi don ado ko don busasshen abu irin su alewa mai takarda.

Batun ƙashi ya shafi wani nau'i ne dabam wanda aka ƙirƙiro a Ingila, inda ake haɗa tokar ƙashin shanu a cikin yumɓu, kuma akan rubuta Bone China a ƙasansa. Wasu masana'antun Japan suna yin sa, amma tangaran ɗin gargajiya na Arita da Kutani da Hasami daga dutse ake yin sa.

Duk kwanon da ke da zinariya ko azurfa kada ya shiga na'urar ɗumama abinci, don zai yi tartsatsi. A wanke shi da soso mai laushi da ruwan ɗumi, ban da soson waya, ban da toka ko yashi, kuma kada a zuba tafasasshen ruwa a kofin da ya yi sanyi ƙalau da safiyar hunturu. In za a jera faranta wani kan wani a sa takarda ko ƙyalle a tsakani, saboda zoben ƙasa ba shi da rufin gilas, yana iya karce na ƙarƙashinsa.

Wata amarya daga Kano ta ce: "Kofin da aka kawo mini daga Japan ya fashe gida uku. Na ga ana tallar kayan gyara da zinariya. In saya?"

Amarya, gyaran da kika gani sunansa kintsugi. Na asalin ana yin sa ne da danƙon wata bishiya da suke kira urushi, a haɗa gutsattsarin, a bar su su bushe a wuri mai laima, a cike giɓi, a goge, a maimaita, a ƙarshe a barbaɗa garin zinariya a kan layin. Yana ɗaukar makonni har watanni, kuma ɗanyen danƙon yana sa ƙaiƙayi da kumburin fata ga mutane da yawa. Mafi yawan kayan gyara masu araha da ake tallatawa gam ne na zamani da gari mai launin zinariya, kuma kofin da aka gyara da su ba na shan shayi mai zafi ba ne. Idan kina son ki ci gaba da ganinsa a ɗakinki, ki saya ki haɗa shi ya zama na ado. Idan na sha kike so, sayen sabo ya fi sauƙi. In kuwa kin sami mai yin na asali, ki sani cewa ana iya gamawa da azurfa ko a bar danƙon da launinsa ja ko baƙi, abin da zai fi kwanta wa mai kaffa-kaffa da shan abu a mazubi mai zinariya. Ya tabbata a hadisi cewa ƙoƙon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsage aka ɗaure shi da azurfa, hukuncin zinariya kuwa sai ki tuntuɓi malami.

Wani matashi daga Bauchi ya rubuto: "Na karanci ginin tukwane na zamani a jami'a, ina kuma sha'awar yin farin tangaran irin na Japan. Na tara ɗan jari. In sayi tanderun lantarki daga waje in kuma yi odar yumɓunsu?"

Ɗan'uwa, wasiƙarka ta faranta mini rai, kuma ina so ka san cewa akwai zaren da ya taɓa haɗa wannan sana'a ta Japan da ƙasarmu. Wani magini ɗan Ingila mai suna Bernard Leach ya koyi gini a Japan, ya koma Ingila a 1920 tare da abokinsa Hamada Shoji suka kafa wurin aiki a St Ives. Ɗalibinsa Michael Cardew shi ne ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, wadda hotonta ke kan takardar naira ashirin. Abin da suka yi a can ba farin tangaran ba ne, kaya ne masu kauri da ake gasawa a babban zafi, amma darasin da ya kamata ka ɗauka shi ne da ƙasar yankin da tokar itace da tanderun itace suka yi aikin.

Kada ka yi odar yumɓu, domin abu ne mai nauyi wanda kuɗin dakonsa zai cinye ribarka, kuma duk ranar da ya yanke aikinka ya tsaya. Sa'ar da Japan ta yi ita ce dutsen Amakusa yana ɗauke da kusan duk abin da ake bukata a cikinsa, ana iya yin tangaran da shi shi kaɗai. A sauran wurare haɗawa ake yi, kusan rabi farar ƙasa ta kawolin, sauran rabin a raba tsakanin wani dutse da ake kira felsfa da dutsen ƙanƙara. Kawolin akwai shi a Alkaleri kusa da kai, akwai shi a Ƙanƙara ta jihar Katsina. Wahalar tana wajen tacewa da cire ƙarfe, don ɗan ƙarfe kaɗan ya isa ya mayar da fari ruwan ƙasa ko ya fito da ɗigon baƙi, sai kuma samun danƙon da zai sa yumɓun ya tsaya a kan faifai.

Game da tanderu, ban ba ka shawarar na lantarki ba. Kai zafi zuwa digiri 1,300 yana bukatar wuta mai ƙarfi ta sa'o'i da yawa ba yankewa, kuma in ta ɗauke a tsakiyar gashi an yi asarar duk abin da ke ciki. Ban da haka, farin nan mai ɗan shuɗi-shuɗi na kayan Arita yana fitowa ne idan an rage wa wutar iska a wani mataki na gashin, abin da tanderun gas ko na itace ke yi cikin sauƙi, na lantarki kuwa ba a gina shi don haka ba. Ka gina ƙaramin tanderun gas da bulo mai jure zafi, ka sayi ma'aunin zafi mai kyau da 'yan ƙananan dalar gwaji da ke lanƙwashewa in zafi ya kai, da sikeli mai auna giram, da rariya mai laushi, da maganaɗisu mai ƙarfi. Ka fara da gasa ƙananan fale-falen gwaji masu lamba, kana rubuta kowane haɗi da sakamakonsa a littafi, kana kuma yin kofuna da kwanuka masu kauri da za su riƙa shigo maka da kuɗin gas. Idan daga baya kana son zuwa can ka ƙaro ilimi, cibiyar Ishoken da ke birnin Tajimi a lardin Gifu tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen waje, Jami'ar Saga tana da harabar koyar da wannan sana'a a cikin Arita, ofishin jakadancin Japan da ke Abuja kuma yana sanar da tallafin karatu na gwamnatinsu kowace shekara. Ka tanadi hotunan ayyukanka da littafin gwaje-gwajenka tun yanzu, domin aikin da ka riga ka yi shi ne abin da za a fara dubawa.